Biyan Inshorar Rai Da Katin Bashi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarmu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da sauran masu cin albashin wata, a kan wani abu da ya shigo mana sannu a hankali har ya zauna, ba mu tsaya mun dube shi ba. Abin kuwa shi ne biyan kuɗin inshorar rai da katin banki, tun ba katin bashi ba. Na san maganar za ta yi ɗan tsawo, amma ina fata a yi mini haƙuri, don al'amari ne da ya shafi marayu da matan da aka mutu aka bari.

Ni dai akawun albashi ne, bana shekarata goma sha ɗaya ina wannan aiki. A makarantar mishan inda na yi karatu, babu abin da aka fi matsa mana a kai kamar lissafi da ajiye takarda. An koya mana cewa duk kuɗin da ya fita daga hannun mutum lalle ya bar shaida a rubuce, shaidar kuma lalle a sami mai duba ta. Da wannan idon na ke kallon katunan nan da su ka cika aljihunanmu, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani.

Don waɗanda ba su saba da ita ba, ga yadda inshorar rai ta ke. Mutum ya kan ƙulla alkawari da kamfani, ya riƙa zuba wani abu kowane wata ko kowace shekara, bisa sharaɗin in ya rasu a cikin shekarun da aka yanka, kamfanin ya ba iyalinsa kuɗin da aka ambata a takarda. Iri biyu ce. Akwai wadda ba a biyan kome sai an rasu. Akwai kuma wadda aka haɗa da ajiya, watau kuɗin zubin ya kan taru ya yi daraja, har mai takardar ya iya cin bashi a kansa. To, wannan ciniki ya bambanta da sauran cinikayya ta hanya guda. Wanda ya sayi keke ya ga ƙafarsa a karkace, sai ya tura shi ya koma wurin mai shago, ya yi gardama da bakinsa. Mai inshorar rai kuwa, ranar da za a gane ko cinikin ya yi kyau ko bai yi ba, shi ba ya nan. Wadda za ta tsaya gaban kamfani matarsa ce, ko tsohuwar uwarsa, ko ƙanensa wanda bai taɓa ganin takardar ba. Saboda haka kiyaye haƙƙin mai biya a nan ya fi nauyi a kan na kowane irin ciniki.

Katin banki shi ma iri biyu ne. Na farko shi ne wanda yawancinmu mu ke riƙe da shi, wanda a ke cire kuɗi da shi a na'ura. Wannan abin da ka ajiye shi ya ke taɓawa, in babu kome a asusunka ba ya motsi. Na biyu shi ne katin bashi. Da shi banki ya ke biya maka daga aljihunsa, har zuwa wata iyaka da ya yanka maka, sa'an nan ka mayar masa. In ka biya duka kafin ranar da aka sa, shi ke nan. In ka bar saura, sai kuɗin ruwa ya hau kansa. A ƙasashen Turai da Amurka wannan kati ya daɗe da zama ruwan dare. A nan ƙasar bai yawaita ba tukuna, amma bankuna suna ba ma'aikata shi bisa jinginar albashi, dillalan inshora kuma sun gane haka. Sai ka ji dillali ya ce maka, ai ba sai ka wahala zuwa ofis ba, ka ba da lambar katinka sau ɗaya, kowane wata a riƙa cirewa kana barci.

Lalle akwai sauƙi a ciki, ba na musu. A da mutum ya kan ɗauki kuɗinsa ya je ya bi layi, ya karɓi rasiɗi ya adana a ƙarƙashin akwati. Wahala ce, amma wahalar tana tuna masa. Yanzu an ɗauke wahalar, an haɗa da tunin an ɗauke. Kuma a da ku biyu ne, kai da kamfani. Yanzu kun zama uku, kai da kamfani da banki, kowanne da takardarsa da sharuɗɗansa, ba mai karanta ta ɗan'uwansa. A tsakanin nan ramuka huɗu su ke, zan kawo su ɗaya bayan ɗaya.

Rami na farko, kuma mafi muni, shi ne biyan ya tsaya shiru, mai takarda bai sani ba. Kowane kati yana da wata da shekarar da zai mutu, an buga su a fuskarsa. Ko kuwa ya ɓace a sake wani mai sabuwar lamba. Ko kuma bashin ya kai iyakarsa, banki ya ƙi biya. Ko wanne ya faru, kuɗin ba zai isa kamfani ba. Takardun inshora su kan ambaci kwanakin ɗaga ƙafa, sau da yawa kwana 30. In sun wuce ba a biya ba, alkawari ya warware, ko da mutum ya yi shekaru yana zubi.

Wannan na gan shi da idona. Muna da wani ma'ajin kaya a ofishinmu, mutum mai tsari ƙwarai, ba ya wasa da sha'anin iyalinsa. Ya yi shekara huɗu yana biyan inshorar rai ta katin bashi, bai taɓa fashin wata ba. Da katin ya mutu, banki ya ba shi sabo, ya sa a aljihu, yana tsammanin kome na tafiya yadda ya ke. Ashe izinin cirewar yana manne da tsohuwar lamba. Kamfanin ya ce ya aika da saƙo, amma ga wani layin waya da mutumin ya daina amfani da shi tun tuni. Bayan wata bakwai ciwo ya kama shi, kwana tara Allah ya yi masa cikawa. Da aka share makoki, matarsa ta zo ofis da takardar a cikin leda, ta ce mini, "Malam, ga abin da maigidan ya ce in riƙe da kyau, ya ce karatun yara na ciki." Ni na rubuta mata wasiƙu uku zuwa kamfanin. Amsa ɗaya ce duka, cikin ladabi: alkawarin ya warware wata shida kafin rasuwar. Abin da ya rufa mata asiri shi ne inshorar da wurin aiki ya yi wa ma'aikatansa a dunƙule, wadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta, ta kuma ce kada ta gaza ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara. Wannan ta samu. Wancan kuwa da mijinta ya tsuke bakin aljihunsa shekara huɗu dominsa, ko kwabo. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya yi ƙarya, amma yara huɗu sun rasa abin da ubansu ya tanada musu.

Rami na biyu shi ne kuɗin ruwa. Ga misali, a ce zubin mutum Naira 120,000 ne a shekara, ya biya da katin bashi, a ce kuma ruwan katin kashi 3 cikin 100 ne kowane wata. In ya bar bashin ya shekara bai taɓa shi ba, ruwa na hawa kan ruwa, zai tarar ana binsa wajen Naira 171,000. Watau ya ƙara Naira 51,000 a kan abin da kamfani ya nema, iyalinsa kuwa ba za a ƙara musu ko anini a kan abin da aka rubuta ba. In kuma ya rasu da bashin a wuyansa, daga cikin abin da ya bari za a nemi a biya. Ya tara da hannun dama, ya zubar da na hagu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Rami na uku shi ne a cire abin da mutum bai yarda ba: a cire sau biyu a wata guda, ko a ƙara kuɗin ba a gaya masa ba, ko ya ce a daina a ƙi dainawa. Ya je banki a ce ya tafi kamfani, ya je kamfani a ce ya koma banki, ya yi ta safa da marwa har ya gaji ya bari. Rami na huɗu kuwa shi ne gaggawa. Da ya ke ba a ƙirga kuɗi a hannu, mutum ya kan yarda da abin da bai karanta ba, a tsaye, a bakin ƙofar ofis, dillali na riƙe masa da alƙalami.

To, waɗannan ramuka ba mu muka fara faɗa musu ba. Ƙasashen da su ka riga mu riƙe katin sun sha wuyarsu, sun kuma yi musu dokoki. Wadda na fi so mu duba ita ce Indiya, don ƙasa ce mai yawan masu ƙaramin albashi irinmu, inshorar rai kuma ta shiga gidajensu ƙwarai tun da gwamnatinsu ta kafa babban kamfaninta na inshorar rai a 1956.

A watan Agusta na 2019 Babban Bankin Indiya ya fito da ƙa'idar izinin cirewa ta kati, aka tilasta binta sosai daga 1 ga Oktoba 2021. Ga abin da ta ƙunsa. Ba a ɗaura izinin sai mai katin ya tabbatar da shi da lambar sirri. Kafin kowace cirewa, lalle banki ya aiko masa da saƙo, aƙalla awa 24 kafin lokacin, ya faɗi sunan wanda za a biya, da yawan kuɗin, da ranar. Yana da iko ya ce kada a cire na wannan karon, ko ya soke izinin gaba ɗaya. Bayan an cire kuma a sake sanar da shi. Ba a karɓar ko sisi daga gare shi saboda wannan hidima. In kuɗin ya wuce wata iyaka, ba a cirewa sai ya sake tabbatarwa da kansa. Iyakar ta fara daga rufi 2,000, watau kuɗinsu na can, ta koma 5,000 a 2021, ta koma 15,000 a watan Yuni na 2022, sa'an nan a watan Disamba na 2023 aka ɗaga ta zuwa rufi 100,000 domin kuɗin inshora da waɗansu biyan kaɗan.

Akwai darasi a cikin wannan ɗage-ɗagen iyaka. Lokacin da aka fara aiki da ƙa'idar a 2021, bankuna da yawa ba su gama shiri ba, har sai da aka ƙara musu wata shida, duk da haka biyan mutane da yawa ya tsaya. Kuma zubin inshora na shekara ya kan zarce ƙaramar iyaka, sai ya zama in mutum bai ga saƙo ya amsa ba, kuɗin ba zai tafi ba. Ka ga dokar da aka yi don toshe rami na uku ta so ta ƙara wa na farko faɗi. Da hukuma ta lura, sai ta gyara. Wannan ya nuna mana ba a yin doka a juya mata baya, sai an riƙa bin sawunta ana ganin inda ta ke cizo.

Ta wajen hukumar inshorarsu kuma, wadda a ke kira IRDAI, ga abin da ta tsara. Mai biya wata-wata yana da kwana 15 na ɗaga ƙafa, mai biya bayan wata uku ko shida ko shekara yana da kwana 30, a cikinsu alkawari na nan da ransa. Daga watan Afrilu na 2024 kuma, duk wanda ya karɓi takardar inshorar rai yana da kwana 30 na nazari, a maimakon 15 na da. In ya karanta ya ga bai yarda ba, ya mayar, a ba shi kuɗinsa bayan an cire ɗan abin da aka kashe. Wannan maganin gaggawa ke nan.

Amma hukuncin da ya fi burge ni shi ne na watan Mayu na 2023. Na riga na ce mai inshora irin ta ajiya ya kan ci bashi a kan takardarsa. Ruwan wannan bashi a can bai cika wuce kashi 10 cikin 100 a shekara ba, na katin bashi kuwa ya kan kai kashi 3 ko fiye a wata guda. Sai aka ga mutane suna biyan bashin takarda da katin bashi, watau suna cin bashi mai tsada su biya mai araha. Hukumar ta umurci kamfanonin inshorar rai duka su daina karɓar biyan irin wannan bashi ta katin bashi. Ba ta hana biyan zubi da kati ba, wannan ta bar wa mutum da hankalinsa. Inda ta ga cuta ce tsantsa, babu wani amfani ga mai biya, nan ta rufe ƙofa.

Daga Indiya sai mu leƙa Ingila, don su sun fi kowa shan wuyar rami na huɗu. Shekaru da yawa bankunansu suna liƙa wa mutane wata inshora a jikin bashi da katin bashi, wai don ta biya musu in sun yi ciwo ko sun rasa aiki. Da yawa ba su san an sa musu ita ba, waɗansu kuma ko da abin ya same su ba su cancanci a biya su ba. Da asiri ya tonu, aka tilasta a mayar wa mutane kuɗinsu. Daga 2011 zuwa bayan rufe karɓar ƙara a ranar 29 ga Agusta 2019, abin da aka mayar ya haura fam biliyan 38. Ban da wannan, tun 2009 dokarsu ta ba mai kati iko ya je bankinsa kai tsaye ya ce a tsai da cirewa, bankin kuma ba shi da damar ya ce sai ya nemo yardar kamfani. Daga 13 ga Janairu 2018 aka hana 'yan kasuwa ƙara wa mutum kuɗi don kawai ya biya da katinsa. Mai sabuwar inshorar rai kuma yana da kwana 30 da zai iya fasawa. Sai dai a lura, tsai da cirewa a banki ba shi ne soke alkawari da kamfani ba. Wanda ya tsai da biya bai shirya wata hanya ba, da hannunsa ya kashe takardarsa.

A Amurka kuwa akwai doka tun 1974 wadda ta ba mai katin bashi kwana 60, daga ranar da aka aiko masa da takardar lissafi, ya rubuta ƙara in ya ga kuskure, kamar cirewa sau biyu. Lalle banki ya amsa cewa ƙarar ta iso cikin kwana 30, ya kuma yanke magana kafin kwana 90 su wuce. Amma abin da ya fi dacewa da rami na farko, jihar Kalifoniya ce ta yi shi. Daga 1 ga Janairu 2013 dokarta ta ce kwanakin ɗaga ƙafa na inshorar rai kada su gaza 60. Kamfani ba shi da iko ya warware alkawari saboda rashin biya sai ya aika da takardar gargaɗi aƙalla kwana 30 kafin ranar. Sa'an nan, ga inda hikimar ta ke, mai inshora yana da haƙƙin ya rubuta sunan wani mutum dabam, matarsa ko ɗansa ko amininsa, wanda shi ma za a aika masa da gargaɗin, kowace shekara kuma kamfani ya tuna masa yana iya sake sunan. A 2021 babbar kotun jihar ta yanke cewa dokar ta hau kan takardun da aka ƙulla tun kafin 2013 ma, muddin suna da rai a ranar da ta fara aiki. Masu wannan doka sun gane cewa mutum ya kan yi ciwo, ya kan tsufa, ya kan yi tafiya, ya kan sake lambar waya, don haka kunne ɗaya bai isa tsaron abincin marayu ba.

In ka tattara dokokin nan duka, za ka ga manufarsu ɗaya ce: kada wani abu ya faru da kuɗin mutum ko da takardarsa a ɓoye. A gaya masa kafin a cire. A gaya masa in cirewar ta ƙi. A ba shi kwanakin gyarawa. A bar shi ya tsayar in ya so. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yanzu mu dawo gida. Hukumar da ke kula da inshora a Nijeriya ita ce NAICOM, an kafa ta a 1997. Dokar inshora ta 2003, a sashe na 50, ta ce alkawari ba ya ƙulluwa sai kamfani ya karɓi kuɗin zubi, hukumar kuma ta matsa a bi wannan sosai tun daga Janairun 2013. A 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003. Ta ɗaga jarin da kamfanin inshorar rai zai mallaka zuwa Naira biliyan 10, ta kuma tanadi asusun taimakon masu takarda in kamfani ya karye. Wannan abin a yaba ne. Ta wajen banki kuma, wanda aka cire wa kuɗi ba daidai ba ya kan fara kai ƙara bankinsa a rubuce, in mako biyu sun wuce ba a share masa hawaye ba, ya ɗaga ta zuwa sashen kare haƙƙin jama'a na Babban Bankin Nijeriya. Sai dai inshora tana hannun wata hukuma, kati yana hannun wata, ramin da na ke magana kuwa a tsakaninsu ya ke.

Saboda haka ina roƙon hukumomin nan biyu, cikin girmamawa, su zauna tare su fitar da takarda guda bayyananniya, da Hausa da sauran harsunan da jama'a ke ji, wadda za a liƙa a kowane banki da kowane ofishin inshora. Ta ƙunshi abu huɗu. A sanar da mai kati kwana guda kafin a cire. In cirewa ta ƙi, banki da kamfani kowanne ya sanar da shi a cikin mako. In za a ba mutum sabon kati, a nuna masa jerin biyan da ke manne da tsohon, ya sa hannu ya ce ya gani. Kuma a ba kowane mai inshorar rai damar rubuta mutum na biyu da za a yi wa gargaɗi kafin a warware alkawari. Ba na jin ɗaya daga cikin waɗannan zai ci wa kamfani abin da ya kai kuɗin talla na mako guda.

Na san a cikin masu karatu akwai malamai da za su ce, ai tushen abin ma akwai magana, ga kuɗin ruwa a jikin kati, ga kuma saɓanin da ke kan inshorar kanta. Wannan fagensu ne, ni akawu ne, ba zan shiga gonar da ba tawa ba. Abin da zan iya faɗi shi ne, tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau inshorar taimakon juna bisa tsarin Musulunci, akwai kuma kamfanonin da ke yin ta a ƙasar nan. Amma mai takaful ma zubi ya ke yi, in ta kati ya ke biya, katinsa na iya mutuwa kamar na kowa. A kan kuɗin ruwa kuwa, lissafin akawu da nasihar malami wuri guda su ka nufa: a nisance shi.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da kowannenmu zai iya yi da kansa, don ba a fafe gora ranar tafiya. In da hali, a biya daga albashi kai tsaye ko daga asusun ajiya, ya fi katin bashi kwanciyar rai. Wanda ya zaɓi katin bashi, ya biya banki duka kafin ranar da ruwa zai hau, kada ya ruɗu da ɗan ƙaramin abin da a ke cewa ya isa a biya a wata. Ya dubi fuskar katinsa yau, ya rubuta watan mutuwarsa a bangon takardar inshora. Ranar da ya karɓi sabon kati ko ya sake layin waya, kafin ya koma gida ya sanar da kamfani a rubuce, ya riƙe kofe. Kowane wata ya nemi shaidar cewa kuɗin ya isa kamfani, don saƙon banki shaidar fita ce kawai, ba ta isa ba. Ya karanta takardarsa ya san kwana nawa ne na ɗaga ƙafa, da yadda a ke farfaɗo da alkawari in ya warware, gama sau da yawa a kan nemi a biya abin da ya taru, wani lokaci har a sake gwajin likita. Daga ƙarshe, ya zaunar da matarsa ko wani babba a gidan, ya nuna masa takardar, da sunan kamfanin, da ranar biya. Mu kan ji nauyin wannan magana, kamar mai yin ta yana kiran mutuwa. Ba ya kiranta, ita da lokacinta ta ke zuwa.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta, mu da Allah ya ba karatu, mu taimaki waɗanda ke kusa da mu, masinja da direba da maigadi, mu karanta musu takardunsu tun suna da rai. Minti goma ne, amma yana iya zama kuɗin makarantar yaro na shekara goma. In kuma akwai wani ma'aikacin banki ko na inshora a cikin masu karatu da ke da ƙarin bayani, ina fata Edita zai ba shi fili, mu ƙaru gaba ɗaya.

Allah ya ƙara wa jaridarmu farin jini, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Akawun Albashi, Kaduna.